Kiɗan da ke Bayan Muryata

Kun daɗe kuna tsokanata a kan kiɗan nan da nake sawa bayan la'asar, wanda Zainabu ta raɗa wa suna "kaset ya maƙale". Na kuma ji labarin da kuke ba junanku, wai wani Bature ne ya koya mini a kamfani, ni kuma na riƙe don a ce na waye. To bari in gyara muku zancen tun ina da sauran haƙora. Baturen da na sani a Sharada ba mu taɓa yin maganar da ta wuce ta inji ba, ita ma rabinta da hannu muke yi. Wanda ya koya mini sauraron kiɗan nan kakanku ne, Malam Idi mai gyartai, mutumin da ko a bikin 'ya'yansa bai taɓa tsayawa gaban makaɗi ba.

Ku da kuka buɗe ido a cikin roba ba ku san gyartai ba. A da, in ƙwaryar mace ta tsage ba a yar da ita. Ajiyewa ake yi har mai gyartai ya zo, ya huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke tsagar ɗinki ƙanana a jere, har a dama fura a ciki ba ta ɗiga. Sana'ar Baba ke nan, ita ya gada. Tun ina ƙarami ni ke bin sa ƙauyukan da ke gabas da Gumel, ina riƙe da jakar kayan aiki, kuma ni ke yin shelar "gyartai" a ƙofar gidaje, don shi ba ya son ɗaga murya. Allah ya yi shi mutum mai shiru, ni kuwa kun san ubanku. Daga fitowarmu gida har mu dawo bakina ba ya hutawa. In ba shi labarin jakin wane, in tambaye shi sunan tsuntsu, in amsa wa kaina kafin ya buɗe baki. Iyakarsa ya ce "uhm". In na yi kuskuren sunan itace ko na ciyawa, a nan ne kawai zai gyara mini da kalma ɗaya, mu ci gaba da tafiya.

Da na zama saurayi aka yi wata damina da ba ta yi kyau ba, na bi samarin garinmu cin rani Kano. Wasu suka samu aiki a gidajen jima na Challawa, wasu dako a Bompai, ni kuma rabona ya kai ni wani kamfani a Sharada da ake buga bokiti da kwanon roba. Baba bai hana ni ba. Ya yi mini addu'a, bai tambayi abin da kamfanin ke yi ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Aikin ba wuya. A zuba wa inji ƙwayoyin roba masu kama da farar dawa, ya rufe baki, ya yi huci, ya buɗe, bokiti ya faɗo da zafinsa, in share bakinsa da wuƙa in jera. Cin ranin ya zama zama. Na auri mahaifiyarku Asabe, muka kama ɗaki ciki da falo a Dorayi, ina zuwa aiki a kan keke, warin narkakkiyar roba ya zama warin rigata.

A babbar sallar da ta biyo bayan aurenmu na tafi gida da tsaraba irin ta wanda ya samu wuri. Na ɗauro bokitai da kwanoni, ja da kore da shuɗi, na sauke su a ƙofar zaurenmu, na aika a kira matan unguwa. Baba yana zaune a inda ya saba, da wani babban masaki a cinyarsa, ya ɗinke rabin tsagarsa. Mata suka yi ta ɗauka suna sa mini albarka, ni kuma ina ta buga kwano da ƙasa don su ga ba ya fashewa. Sai Gwaggo Hari, mai masakin da ke hannun Baba, ta juya da fara'arta.

"Malam Idi, kada ka wahalar da idonka a kan wannan. Ɗanka ya hutar da mu."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Baba bai ɗago ba. Ya ƙarasa ɗinkin har ƙarshe, ya ƙulle zaren, ya kife masakin a gefe, ya shiga gida. Daga ranar in na yi masa sallama yana amsawa, don wannan hakkin Allah ne, amma bayan ita babu ko "uhm". In yana da saƙo sai ya gaya wa Inna, kakarku, ko da ina zaune a gabansa, daga baya ma saƙon ya daina zuwa. Har gobe ina cewa ko ban kai ba, roba tana tafe a bayan kowace motar kasuwa. Amma da na dawo Kano na gane ban taɓa sanin cewa "uhm" ɗin nan abinci ne ba sai da aka janye mini shi.

A wancan zamani, wajen lokacin da farar hula suka karɓi mulki, mu ma'aikatan da iyayenmu ba sa karanta boko da kaset muke aika gaisuwa. Ka yi maganarka a fuska ɗaya, a kai ƙauye, a taru a saurara, a juya kaset a ɗauki amsa a ɗaya fuskar, a dawo maka da shi. Kaset ɗaya sai ya shekara yana kai da kawo, sabuwar magana tana hawa kan tsohuwa. Na sayi ƙaramar rikoda mai batir na bar wa ƙanwata Ladi, wadda ke zaune a gida lokacin, ni kuma ina da tawa mai aiki da lantarki. Mai kai mana shi ne Tanko, direban da ke ɗaukar kayan kamfaninmu zuwa kasuwar Maigatari, hanyarsa ta bi ta bakin garinmu.

Ba ma sayen sabon kaset. Akwai masu baza tsofaffi a Sabon Gari, cikin tarkacen da Turawa ke bari in za su tashi, ka zaɓi mai ƙwari, ka toshe ramukan da ke samansa da takarda, shi ke nan ya karɓi ɗauka. Wanda na saya na gwada shi a gida don in tabbatar zaren bai tsinke ba. Sai na ji ana buga fiyano, 'yan sautuka kaɗan, a kai ƙarshe a dawo farko, a kai ƙarshe a dawo farko. Babu mawaƙi, babu amshi, babu wanda ake yi wa kirari. Na tura gaba, na ji abu ɗaya. Na ce lallai wannan tun daga kamfani ya lalace, shi ya sa Baturen ya yar. Na ɓare takardar da ke jikinsa ba tare da na duba ba, na rubuta sunan garinmu da biro.

Ranar da na ɗauki saƙon farko na shirya magana mai yawa. Na gaishe da Inna, na gaishe da kowa da sunansa, na shiga ainihin abin da ke raina ke nan, ina cewa "ku roƙa mini Baba, ku ce masa," sai aka ɗauke wuta. Tanko kuma yana waje yana ta danna oda. Haka na zare kaset na miƙa masa, maganata ba ta ci ko kashi ɗaya cikin uku na fuskar ba.

Da kaset ya dawo, fuska ta biyu ta cika maƙil da muryoyin gida. Inna ta yi addu'a, gwaggonni sun yi godiyar kwanoni, an gaya mini wadda ta haihu da akuyar da ta ɓata. Can wajen ƙarshe sai ga Ladi tana magana ƙasa-ƙasa, da jin ta ka san ta ɓuya a bayan rumbu ne.

"Yaya, wani abu ya faru. Da muka kunna, Baba ya tashi ya koma bayan zana kamar yadda ka sani. Da muryarka ta yanke sai wani kiɗa ya fara, na kai hannu zan kashe, sai na ji ya ce, 'Bar shi.' Har ya ƙare bai motsa ba. Yanzu kullum in an yi la'asar sai ya ce in kawo masa abin nan. Ya ce in wuce maganarka in kai shi wajen kiɗan. Ka aiko da batir."

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ni da na bi shi ƙauyuka da jaka a kafaɗa an ce a wuce ni, a kai shi wajen wani lalataccen kaset. Asabe ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe akwai wanda ya fi ni maimaita magana kuma an fi son tasa. Da zan ɗauki saƙo na biyu na yi lissafi irin na mai hankali. Na ce abu ɗaya ne ake ta nanatawa, ko na ci rabi, rabin da ya rage shi ne dai. Wuta kuma ba ta yi mini gardama ba ranar. Na saki baki, na wuce inda na tsaya a karon farko da nisa, na roƙi gafara ta gaba da ta baya, na rufe da aya.

Amsar da ta zo a bakin Inna ta zo, a tsakiyar gaisuwa, kamar ba komai ba.

"Af, Garba, babanku ya ce a faɗa maka ka ci masa wuri. Wai inda na biyun yake shigowa ka cinye. Ni dai ban san na biyun wa ba, haka ya ce."

Na mayar da wurin nan na sake ji har Asabe ta ce zan tsinka zaren. Faɗa ne, na sani, amma shi ne saƙon farko da Baba ya aiko mini tun ranar masakin Gwaggo Hari. Da murnar ta lafa sai tambayar Inna ta dawo mini. Na biyun wa? Washegari da na taso daga aikin safe na ci abinci, na juya kaset, na zauna da niyyar in kama wannan na biyun ko da zai kai ni magariba. Da farko ban ji komai ba sai abin da na ji a da, har hankalina ya tafi kan tayar kekena da ke sacewa. Asabe ce, tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Malam, ai su biyu ne. Ba ka ji ba? Kamar mata biyu a turmi ɗaya. Ɗayar tana ɗan riga ɗayar sauke taɓarya."

Da ta faɗa sai kunnena ya buɗe. Mutum biyu ne suke buga abu ɗaya, amma ɗaya yana ɗan gaba da ɗan'uwansa, tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Tazarar nan ita ke ƙaruwa a hankali, a hankali, yadda ba za ka taɓa cewa ga inda ta ƙaru ba. Sai ka ji sautukan sun harɗe kamar za su rikice, sai kuma su zauna, wata waƙa ta fito daga tsakaninsu wadda babu ɗayansu da ke buga ta. Kana sabawa da ita sai ta narke, wata ta fito. Ban san lokacin da na daina jiran a canja ba. Can dab da ƙarewar zaren sai na gaban ya zagayo, suka sake haɗuwa a kan bugu ɗaya, kamar ba su taɓa rabuwa ba, kaset ya tsaya. Na dubi inuwar katanga na ga ta yi nisa, ni kuwa ban ce uffan ba tun da na zauna. Asabe ta ce a rubuta ranar.

Daga nan na ɗauki wuƙar aikina na yi ɗan zane a jikin tagar kaset, daidai inda zaren yake in maganata ta ƙare. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake haye zanen nan ba. Asabe ta kawo shawarar da kowane mai hankali zai kawo, ta ce in sayi kaset na biyu don surutuna, a bar wa Baba nasa. Na kusa yarda, sai Ladi ta hana ni a saƙonta na gaba.

"Kada ka soma, Yaya. In ya zama biyu zai riƙe nasa ya hana shi zuwa Kano. Yanzu don Inna ba ta da wata hanyar amsa maka yake sakin sa, kuma ranar da Tanko zai dawo tun hantsi yake zama a zaure. Sannan na ce masa turawa gaba tana cin zare, in ana yi kaset zai mutu. Yanzu daga farko nake kunna masa. Yana jin ka, ko da ya yi kamar yana neman basilla."

Ladi ta fi ni wayo tun muna yara. A saƙon nan ne kuma ta gaya mini abin da ya canja yadda nake magana. Ta ce Inna ta gaji ta tambayi Baba me yake ji a cikin abin da ko waƙa babu, shi da bai taɓa kula makaɗa ba. Shi kuma ya ce:

"Ba ya neman komai a wajena. Kowa a gidan nan in ya buɗe baki sai ya ce in yi haƙuri. Shi wannan aikinsa yake yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. In na so in bi shi, in na so in yi nawa."

Na daina roƙo daga ranar. In na gama gaisuwa sai in yi irin maganar da nake yi a hanyar gyartai. In ce iska ta juyo daga Challawa yau, duk Sharada warin jima. In ce na ga manyan motoci sun toshe hanya a Bompai saboda jaki ɗaya ya ƙi tashi. In ce mai ƙosan ƙofar kamfani ta aurar da 'yarta, ƙosai ya ragu da girma. Ina yi ina kallon zane, in zaren ya kusa sai in yi sallama ko da magana tana tsakiyar bakina. Ga wanda Allah ya yi wa baki irin nawa, wannan ba ƙaramin azumi ba ne.

Wadda ta biya kuɗin wannan dabara Inna ce, kuma ita ba a yi shawara da ita ba. Ta saba in cika mata kunne, yanzu sai ta ji na yanke kamar mai jin tsoron batir. Abin ya fi yi mata ciwo lokacin da aka haife ki, Zainabu. Jikarta ta farko ta wajena, ina da labarin da zai cika kaset uku, na naƙuda da na suna da kamannin da kika ɗauko, amma na dunƙule shi duka a ƙasan zane. Amsarta tana kunnena har yau.

"Garba, an yi maka haihuwa ka ba ni labari kamar mai shelar ɓatan akuya. Kano ta cinye maka baki ne, ko mu ne ka gaji da mu? Ba komai. Allah ya raya."

"Ba komai" ɗin nan ya hana ni cin abinci ranar. Na ɗauki kaset na sa a rikoda da niyyar in yi mata magana har zaren ya ƙare, kiɗa ya tafi inda zai tafi. Yatsana yana kan jan madanni na fasa. Na san Inna za ta yi fushi ta huce, don ita fushinta da magana yake fita. Baba kuwa wannan siririn zaren kaɗai ne ya rage tsakanina da shi. Na zaɓi in ɓata wa wadda na tabbata za ta yafe, kuma na san ba adalci ba ne.

Abu ɗaya na yi a ɓoye. Da na ga zaren ya fara laushi saboda yawan kai da kawo, wata Lahadi da safe na aro rikodar maƙwabcinmu, na haɗa ta baki da baki da tawa, na kwafe abin da ya rage na kiɗan a wani kaset. Na roƙi gidan a yi shiru, amma gidan haya ba ya shiru. Dakan da kuke ji a ciki na mahaifiyarku ne, kukan jaririn da ke tsakiya kuwa, wanda kuke cewa ya ɓata kiɗan, naki ne Zainabu. Na ajiye kwafin a ƙasan akwati. Ko Ladi ban gaya wa ba, don in Baba ya ji akwai wani, cinikin ya watse.

Haka muka ci rani, damina ta sauka. Wata rana na taso daga aikin safe, jiniya ba ta gama kuka ba, na tarar da Tanko a ƙofar kamfani yana jingine da motarsa. Ya miƙo mini kaset a naɗe cikin tsumma, ya ce:

"Yau ba ƙanwarka ce ta kawo ba. Tsohonka ne da kansa ya fito bakin hanya. Ya ce in ba ka hannu da hannu."

Ban tsaya sayen komai ba, na taka keke zuwa Dorayi. Na sa fuska ta biyu, na ji tsofaffin gaisuwar wancan karon, ba a ɗauki sabo ba. Na ce ko wani abu ya samu Inna. Na juya fuska ta ɗaya. Muryata ce, ina ba da labarin wata bishiya da ke bayan katangar kamfani, wadda na ce marke ce, tana ta zubar da 'ya'ya a kan kekunanmu. Na yi sallama. Zaren ya kai zane, na jira fiyano. Sai na ji ƙarar madanni, sannan kukan kaji, da iska tana kaɗa zana. Sai muryar Ladi, a tsorace.

"Baba, yana ɗauka fa. Kiɗan naku yake ci. In ya ci ba ya dawowa."

"Na sani."

Daga nan shiru. Ina jin numfashinsa, ina jin basilla tana huda ƙwarya, ina kallon zaren yana tafiya yana cinye wuraren da na riga na haddace, wurin da suke harɗewa, wurin da waƙar farko ke fitowa. Asabe ta zo ta tsaya a kaina, tana goye da ke, Zainabu. Mutumin da ya yi mini faɗa a kan ɗan abin da na ci, ga shi yana cin sauran da shiru kawai, don bai iya fara magana da sauri ba. Ya yi gyaran murya. Sai can ya ce:

"Garba. Wannan itacen da ka faɗa ba marke ba ne. Marke ba ya zubar da 'ya'ya da damina. Ka duba ganyen da kyau."

Basilla ta ci gaba da huda ƙwarya, zaren yana tafiya.

"Ka daina auna magana. Uwarka ba ta ƙoshi. Ni ma hanyar nan ta gabas ta yi mini tsawo tun da babu mai damuna. Ka kawo yarinyar in gan ta."

Madanni ya yi ƙara. Abin da ya rage na kiɗan ɗan kaɗan ne, daidai inda na gaban yake zagayowa su haɗu. Na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba, ita ma ba ta tsokane ni ba sai bayan kwana biyu.

A ƙarshen makon muka bi motar Tanko. Ba a yi wani zaman sulhu ba, ba a ambaci masaki ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya ce hanya fa, na fara ba shi labarin hanya, ya ce "uhm". Inna ta karɓe ki ta juya mini baya, sai da na yi mata surutun yini guda cur kafin ta ce na biya. Da la'asar ta yi na ga Baba ya dubi inda Ladi ke ajiye rikoda ya kawar da kai, sai na fito da kwafin daga aljihu na kunna. Ya saurara har ƙarshe, da dakan da kukan duka, sannan ya ce, "An ƙara musu mutum biyu." Muka sake ji tare, ni da shi a kan tabarma ɗaya, kuma ban yi magana ba har ya ƙare. Ya rayu shekaru masu dama bayan haka. Bai taɓa shan fura a kwanon roba ba, ni ma ban taɓa miƙa masa ba. Bishiyar kuwa na duba ganyenta, ba marke ba ce.

Kwanakin baya Zainabu, duk da tsokanarta, ta kara wayarta a bakin tsohuwar rikodata, wayar ta saurara ta nemo kiɗan. Ta karanta mini cewa wani mutum ne a ƙasar Turawa ya tsara shi a takarda, akwai irinsa da yawa, ana taruwa a manyan zaure a zauna shiru a saurara. Ta faɗi sunansa, na manta kafin in kai ƙofa. Na ji daɗin sanin cewa ni da Baba ba mu kaɗai ba ne, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Kiɗan da ke wayar cikakke ne, daga farkonsa. Bayan duk shekarun nan, ranar na fara jin wurin da na goge da roƙona. Mutum ɗaya ne yake ta bugawa shi kaɗai, har ka saba da kaɗaicinsa. Na biyun yana shigowa ne a ƙarƙashinsa, a hankali ƙwarai, ba ka sanin ya zo sai ka ji sautin ya yi kauri.

Na ce ta mayar, ta mayar, na sake cewa ta mayar. Kakanku bai yi ƙari ba, wuri mai kyau na ci masa, ni ban ma san abin da nake ci ba. Shi da ya danna jan madannin nan ya san kowane wuri da ke gaba, kuma bai san akwai wani a ƙasan akwatina ba.